Takardar Neman Aiki: Abin Da Matasanmu Na Kura Da Bunkure Ke Mantawa A Gona

Tun daga ƙarshen girbin shinkafar damina har zuwa lokacin yankan alkama, da wuya Lahadi ta wuce ba mu ga wani saurayi ko budurwa ya tsaya mana a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada ba, riƙe da ambulan mai ruwan ƙasa, yana cewa, "Malam, a taimaka a sa mini hannu." Hannu kam mukan sa. Amma kafin mu sa mukan karanta, abin da muke gani cikin waɗannan ambulan kuwa shi ya sa muka ga ya kamata mu yi magana a wannan fili, domin iyaye su ji, 'ya'ya su ji.

Bari mu fara da wani yaro namu, ba za mu kama suna ba. Yana da difloma kan aikin gona, ya kuwa ji wani injin gyaran shinkafa yana neman mai kula da sito. Ya tafi shagon buga takardu, aka buɗe masa wasiƙar wani da ke cikin kwamfuta, aka goge suna aka sa nasa. Wasiƙar shafi biyu ce cur, rabinta kirari ga manaja, rabinta kukan talauci da yawan ƙanne. A takardar tarihin karatu da aiki, watau wadda ake kira sibi, wurin da aka ce a faɗi aikin da aka taɓa yi, sai ya rubuta babu. Babu! Alhali mun san yaron nan tun yana ƙarami yake ban-ruwa a gonar mahaifinsa, shi ke kwance injin ban-ruwa ya ɗaura in ya ƙi tashi, kuma rani uku a jere shi ya riƙe littafin ƙungiyar masu amfani da ruwa ta layinsu, yana rubuta wanda ya biya da wanda ake bi, buhun taki nawa ya shigo, nawa aka raba. Da muka tambaye shi dalili, sai ya ce, "Ai Malam, wannan ba aiki ba ne, noma ne."

To, a nan gizo ke saƙar. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, aka tsara kai ruwa ga hekta 22,000 a kashi na farko na shirin noman rani na Kogin Kano, wanda ya ratsa Bunkure da Kura da Garun Malam. Yaron da ya tashi a bakin kanal ya san abubuwan da ɗan birni sai ya shiga aji kafin ya ji labarinsu: ranar da ake sakin ruwa, yadda ake raba shi kada na ƙarshen layi ya kwana da ƙishi, yadda ake cinikin kwandon tumatir a Kwanar Gafan, yadda ake gane shinkafar da ba ta gama bushewa ba tun kafin a ɗora ta a sikeli. Masu injinan shinkafa, da dillalan iri da taki, da ƙungiyoyin da ke aiki da manoma, irin wannan sani suke nema. Amma wanda zai ɗauki ma'aikaci ba boka ba ne, abin da ba a rubuta ba ba zai gani ba.

Saboda haka muka zauna da yaron, muka yage waccan, muka sake wata mai shafi guda. A sama sunansa, da garinsu, da lambar wayar da kullum ke hannunsa, ba ta wansa da ke Legas ba. Sa'an nan makarantu da shekarunsu, ana farawa da ta ƙarshe a koma baya. Sai aikin da ya yi, nan kuwa muka daɗe. Maimakon ya ce shi mai ƙwazo ne mai riƙon amana, abin da kowa ke faɗi, sai muka sa ya rubuta abin da za a iya bincikawa: daga shekara kaza zuwa kaza ya riƙe littafin ƙungiya mai manoma kaza, buhu kaza sun bi ta hannunsa, ga shugaban ƙungiyar a tambaye shi. Mai neman wanda zai ba makullin sito, wannan layi guda ya fi masa kirari shafi goma. 'Yan mata ma haka: wadda ta yi shekaru tana turara shinkafa tare da uwarta tana kai wa kasuwa, ko ta riƙe kuɗin adashin zumuntar mata ba a taɓa jin kanta da kowa ba, ta rubuta. Wanda ya koyi gyaran inji wurin oga kuwa, ya nemi takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, domin hannunsa ya sami shaida. Zancen cewa kana son karatu da tafiye-tafiye, wanda ake liƙa wa kowace sibi a ƙasa, a bar shi. Ba mu taɓa jin wanda ya sami aiki dominsa ba.

Akwai wata matsala da ta fi damun mu masu bi, watau ta suna. Yaro yana da sunan da aka raɗa masa a gida, da sunan baftisma, da sunan uba, wani lokaci har da na kaka ko na gari. Sai ka ga takardar firamare da suna ɗaya, ta WAEC ko NECO da wani, katin ɗan ƙasa mai lambar NIN da wani dabam, takardar shaidar ƙaramar hukuma kuma ta juya su gaba ya koma baya. A da akan kau da kai. Amma tun 2021 da hukumar JAMB ta wajabta lambar NIN ga masu rajista, kwamfuta ce ke gwada suna da suna, ita kuwa ba ta san cewa Bulus ɗin nan shi ne Ɗanladi ba. Duk wanda takardunsa suka saɓa, ya je kotu ya yi takardar rantsuwa, ya bi hukumomin a gyara tun kafin a buga tallar aiki, ba ranar da za a rufe karɓa ba. Iyaye kuma, in za ku sa yaro a makaranta, ku tsai da suna guda da jerinsa, ku tsaya a kai.

Mun san kuma akwai masu ɓoye sunan baftisma da gangan, don tsoron kada a ture takardarsu gefe. Ba mu raina wannan tsoro ba, ba kuwa daga sama ya faɗo ba. Amma shawararmu ita ce a rubuta sunan da ke kan satifiket, harafi da harafi, domin ranar tantancewa za a ɗora sibi kusa da satifiket, wanda aka ga bambanci a nasa kuwa ya ba da dalilin korarsa da hannunsa. Haka zancen rage shekaru. Mutum ya yanke shekara biyar don ya shiga ƙa'idar talla, ya manta takardar firamarensa za ta nuna ya shiga aji ɗaya tun yana goye.

Ita wasiƙar da ke raka sibi, sakin layi uku sun isa. Na farko ya faɗi aikin da kake nema da inda ka ji labarinsa. Na biyu ya ɗauko abu biyu daga cikin sibi waɗanda suka dace da wannan aikin, ba wani ba. Na uku ya ce a shirye kake a kira ka ganawa, sai sa hannu. Da Turanci akan rubuta, to a yi shi gajere, irin wanda in an ce ka maimaita da baki za ka iya. Manyan kalmomin aro su ne ke fara tona mutum. Kowane wuri da tasa wasiƙa. Mun taɓa ganin wadda aka kai wa mai sayar da taki, a cikinta ana yabon asibitinsa.

Kada kuma a zauna jiran ƙofa guda. Lokacin da aka buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa a 2016, matasa da yawa sun ɗora ransu a kanta, sai ga tsutsar nan da manoma suka sa wa suna Sharon ta cinye gonaki a shekarar, aiki ya tsaya saboda rashin tumatir. Wanda ya raba takardunsa wuri biyar bai ji jiki kamar mai wuri ɗaya ba.

Game da masu tsaya maka shaida, ka nemi izininsu kafin ka sa sunansu, ka kuma gaya musu aikin da kake nema. Ba daɗi a bugo mana waya a tambaye mu wani, mu yi ta inda-inda. Kada duka su zama na ikkilisiya. A sami malamin makaranta ɗaya, da wanda ka yi aiki a ƙarƙashinsa, ko Musulmi ne ko Kirista, in dai ya san hannunka. Asalin satifiket kuwa ba a bayar da shi, fotokwafi ake kaiwa. In ta waya za a aika, a mai da takardar PDF, a sa mata sunanka, kada a ɗauki hotonta a kan tabarma inuwar hannu ta rufe rabi. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi kafin a ba ka takardar kama aiki, ko da ya ambaci sunan wace hukuma, ka zo mu bincika tare kafin a sayar da akuyar Mama.

Yaron da muka ba da labarinsa an kira shi ganawa. Ya ce tambayar farko da aka yi masa a kan littafin ƙungiyar nan ce, ya kuwa tafi da shi a jaka, sai ya fito da shi ya buɗe musu. Sun ce za su neme shi bayan an gama ganin sauran, muna nan muna jira tare da shi. Masu son a duba tasu, mukan zauna kowace Laraba bayan addu'ar yamma. A zo da biro da fotokwafin dukan takardu, har da na firamare.