Ba Kowane Bambanci Ne Kuskure Ba

A tsangayun ƙasar Rano da Kibiya, har da Saji, in almajiri ya rubuta allonsa sai ya kai wa malam ya duba. Wannan shi muke kira gyara, kalmar da muke yi wa keke da aure baki ɗaya. Larabawa kuwa sun rarrabe: tas'hihi shi ne mai da rubutu ga ingancinsa, islahi kyautata abin da ya ɓaci, tahrifi kuwa karkatar da magana daga asalinta. Kalmar Ingilishi ta gyara daga Latin ta samo tushe, ma'anarta miƙar da karkatacce.

To, ga inda gizo ke saƙa. Iyayenmu da ruwayar Warshu suka yi karatu, bugun Alƙahira na 1924 kuwa na Hafsu ne. Sai ka ga yaro riƙe da bugun Hafsu yana tsai da dattijo cikin Fatiha don bai ja kalmar Maliki ba, alhali ruwayoyin biyu duk ingantattu ne.

Saboda haka, jama'a, mai son gyara ya fara sanin asali, kada garin neman gira a rasa ido. Allah ya sa mu dace, amin.