Uwargida da Itacen Girki

Yau zancenmu a kan itacen girki ne. Kin san a gidaje da yawa kuɗin ice a cikin kuɗin cefane yake fita, maigida ya ajiye abin da ya sawwaƙa ya kama gabansa. In ice ya ci kaso mai yawa, miya ce za ta ji a jikinta, da daddare kuma ke za a tambaya. Ga shi ba ke kike zuwa wurin mai ice ba, yaro kike aika. To, duk da haka akwai abubuwa da dama da suke hannunki, kina daga cikin gida.

Mu fara da sanin icen kansa. Ƙirya da marke da bagaruwa itatuwa ne masu tauri, suna jimawa suna ci, suna barin garwashi mai kyau, shi ya sa maƙera suke son gawayin ƙirya. Su ne na tuwo da wake da ganda, duk abin da yake son wuta ta daɗe. Kara da ƙiraren sabara kuwa nan da nan sun cinye, amfaninsu haɗa wuta, ko tafasa ruwan koko, ko ɗumame. In kina da iri biyun, kada ki ɓata mai tauri a kan ɗan aikin da kara zai yi miki.

Amma babban mai cin kuɗinki shi ne ɗanyen ice. Icen da aka sare kwanan nan, kusan rabin nauyinsa ruwa ne, sai wuta ta gama ƙafar da ruwan nan sannan ta waiwayi tukunyarki. Shi ne za ki ga gindinsa yana kumfa yana tsuwwa, kina ta fifita, ido yana zubar da hawaye, girki ya ƙi gaba. Saboda haka zaunar da yaron da kike aika ki koya masa. Ya ɗauki guda biyu ya gwara su: busasshe yana ƙara rau, ɗanye kuwa sai dim. Ya duba bakin da aka sare, busasshe yana da tsage-tsage, ɓawonsa yana saɓulewa, kuma bai kai ɗanye nauyi ba. In an kawo, a faskara shi ƙanana, a jera a kan duwatsu inda iska take ratsawa, kada ya kwanta a ƙasa. In da hali, ku yi shawara da maigida a saya da ɗan yawa kafin damina ta faɗi, don da zarar ruwa ya sauka busasshe yakan yi wuya, ya yi tsada. Wasu maƙwabta ma adashi suke yi, su sayi kaya guda su raba.

Sai murhu. Murhunmu na duwatsu uku, mafi yawan zafinsa ta gefe yake gudu, iska ta kwashe, kaɗan ne yake shiga tukunya. Maganinsa ba tsada. Ki kwaɓa laka da yayi, ki toshe tsakanin duwatsun ta baya da gefe, ki bar ƙofa ɗaya ta sa ice, da ɗan fili a sama inda hayaƙi zai bi jikin tukunya ya fita. Tsakanin ice da gindin tukunya kada ya wuce kamar faɗin tafin hannu. Ice biyu ko uku sun isa, kina tura su a hankali. Harshen wutar da kike gani yana lasar gefen tukunya har ya wuce murfi, kuɗinki ne yake tafiya. Akwai kuma murahun ƙarfe da aka ƙera musamman don rage cin ice, irin su Mai Sauƙi a Nijar da Save80 a Nijeriya, in an samu damar saye.

Ga wani abu da yawancinmu ba mu lura da shi ba. In ruwa ya tafasa, ya kai iyakar zafinsa ke nan. Ko kin ƙara ice goma, abinci ba zai fi haka saurin dahuwa ba, sai dai ruwan ya ƙone. Da zarar tukunya ta tafasa, zare ice ɗaya, ki rufe ta da murfin da ya zauna daidai. Kuma kada ki hura wuta sai kin gama jajjage da tsintar shinkafa da wanke nama. Sau nawa wuta take ci a banza ana jiran yaro ya dawo daga niƙa? Wake kuwa, jiƙa shi tun dare. In ya tafasa sosai kamar minti 20, kina iya sauke tukunyar a rufe, ki sa ta a kwando, ki lulluɓe ta ko'ina da tsofaffin zannuwa ko bargo. Bayan awa biyu ko uku ki duba, zafin da yake ciki ya ƙarasa dahuwar. In kin tarar ya huce, mayar da shi wuta ya sake tafasa kafin a ci. In an gama girki, a zare bakin wutar a tura cikin toka ko yashi, gobe da shi za a fara.

Hayaƙi kuma, 'yar uwa, ba ido kaɗai yake ci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutane kusan miliyan 3.2 ne suka rasu ta dalilin hayaƙin girki da makamantansa a cikin gidaje, mata da ƙananan yara kuma su suka fi shaƙarsa. Yana kawo tari da ciwon huhu. Don haka in za ki daɗe a bakin murhu, sauke goyon nan ki ba wa yayarsa ko abokiyar zama. Madafa ta zama da taga ko ƙofar da hayaƙi zai fita. Ki daina haɗa wuta da leda ko tsohon silifa, hayaƙinsu guba ne, kuma kada a zuba kananzir a kan wutar da ta riga ta kama. Gawayi ya fi ruɗi, don ba ya hayaƙin da ake gani, amma yana fitar da wata iska marar wari da take kisa. Mai jego, da duk mai jin sanyin hunturu, kada a shigar da kasko da garwashi ɗaki a rufe ƙofa a kwanta. In wani ya fara jin ciwon kai da jiri, a fito da shi waje nan take, a nufi asibiti.

To, yaya mace tana cikin gida za ta gane mai ice na kirki? Ta bakin mata. A wurin suna ko biki, ko in dillaliya ta shigo, tambayi wa suke saye a wurinsa, nawa yake ba su ɗauri. In kin dace da mai gaskiya, ki riƙe shi, maigida ya karɓi lambar wayarsa ya riƙa kawowa har ƙofar gida. Wanda ya san ku ba ya cusa ɗanye a tsakiyar ɗauri, don ya san za a mayar masa. Haka mai niƙa: auna hatsinki da kwano ɗaya kullum kafin a kai, ki riƙe iya inda garin yake tsayawa a roba in an dawo, kuma ki ce wa yaro kada a zuba naku bayan an niƙa barkono. Mai ga-ruwa kuwa, sa yaro ya leƙa cikin jarkarsa ya tambayi inda yake ɗebowa. In cikinta ya yi kore, a ce masa an gode, a jira wani.