Yadda masu haɗa manhajar Bitcoin ke toshe ƙofar ɓarayi

A watan Nuwamban 2019, masu kutse suka musanya manhajar da ke shafin kuɗin intanet na Monero da wata gurɓatacciya mai satar kuɗin jama'a. Asiri ya tonu ne da wani ya lura lambar tantance manhajar ba ta yi daidai ba.

Irin wannan haɗari ne masu kula da Bitcoin Core ke gudu. Tun 2021 suke amfani da Guix, tsarin da ke mayar da rubutaccen tushen manhaja zuwa wadda kwamfuta ke aiki da ita, ba tare da sa hannun mutum a kowane mataki ba. Mutane daban-daban kan haɗa ta a kwamfutocinsu, su kwatanta lambobin, sai sun zo ɗaya a fitar da ita.

Mai saukewa kuwa, ya duba lambar kafin ya buɗe.