Rashin Barci: Asarar Da Ba Ta Shiga Littafin Ciniki

Rashin barci, wanda jama'a da dama ke ɗauka ƙaramar damuwa ce, ya shiga jerin cututtukan da ke jawo wa kamfanoni da gwamnatoci asarar dukiya mai ɗimbin yawa.

Likitoci na ɗaukar sa cuta idan mutum ya kasa samun barci, ko yana yawan farkawa, aƙalla dare uku a mako har tsawon wata uku, kuma hakan ya shafi aikinsa da rana. An ƙiyasta cewa kimanin mutum ɗaya cikin manya goma na fama da shi.

Wani bincike da Farfesa Ronald Kessler na Jami'ar Harvard ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2011, ya nuna cewa cutar na jawo wa ma'aikaci a Amurka asarar aikin kwana 7.8 a shekara, abin da jimlarsa ta kai dala miliyan dubu 63.2. Akasarin asarar ba ta fashin aiki ba ce. Ma'aikacin yakan zo, amma hankalinsa ba ya kan aikin.

Haka kuma cibiyar bincike ta RAND ta ƙiyasta a 2016 cewa ƙarancin barci na cinye kusan kashi 3 cikin 100 na tattalin arzikin Japan kowace shekara.

Ta fuskar lafiya, masana sun danganta cutar da hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya da cutar damuwa. Ga masu harkar sufuri kuwa, direban da ya yi awa 17 bai runtsa ba, kuzarinsa kan ragu kamar na wanda ya ɗan sha barasa.

Game da magani, Ƙungiyar Likitocin Amurka ta ACP ta ba da shawara a 2016 cewa a fara da horon gyara tunani da ɗabi'un barci kafin a kai ga ƙwaya. Horon ya ƙunshi tashi a lokaci guda kullum, barin shimfiɗa idan barci ya ƙi zuwa, da rage goro, kofi da shayi daga la'asar, domin dukkansu na ɗauke da sinadarin kafin. Ƙwayoyi irin su diazepam kan kama jiki, saboda haka ba a shan su sai da umarnin likita, kuma na ɗan lokaci.

Babban mutum na buƙatar barcin aƙalla awa 7 a dare. Mai kamfanin da ya tsara aikin dare da tafiye-tafiyen direbobinsa bisa wannan ma'auni, jarinsa yake karewa.