Man basir da likita ya rubuta maka: kwana 7 ne iyakarsa

Yau maganarmu a kan man basir ne, wanda likita ke rubutawa a je kemis a sayo, irin su Proctosedyl, Scheriproct, Xyloproct da Anusol HC. Magani ne mai kyau, amma da yawanmu kwalin muke yarwa tare da takardar da ke ciki, sai mu yi ta shafawa yadda muka ga dama.

Basir kumburin jijiyoyin jini ne a dubura, wani daga ciki, wani daga waje. Yawancin waɗannan mayuka abu biyu aka haɗa a cikinsu: sinadarin da ke sace kumburi da ƙaiƙayi, na dangin sitiroyid, da kuma wanda ke kashe raɗaɗi na ɗan lokaci. Ka ga ke nan aikin man shi ne ya kwantar maka da wurin har ya huce. Ba ya cire basir, ba ya hana shi dawowa.

Sitiroyid ɗin nan shi ya sa aka yi masa iyaka. Ɗan gidansu ne da wanda ake sakawa a wasu mayukan bilicin, kuma kowa ya san yadda fatar mai bilicin ke komawa, siririya, abu kaɗan ta tsage. To fatar dubura ta fi ta fuska laushi. Idan ka ɗauki makonni kana shafawa za ta yi rauni, ta riƙa zubar da jini, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Shi ma mai kashe raɗaɗin, in aka daɗe ana sa shi yakan jawo wa wasu ƙaiƙayi da borin fata, mutum ya ɗauka basir ne ya ƙaru, ya ƙara lafta mai. Don haka kada ka wuce kwana 7 sai in likita ne ya ce ka ci gaba. Ya cika mako ba sauƙi? Koma asibiti, ba kemis ba.

Yadda ake sa shi kuwa: bayan ka yi bayan gida ka yi tsarki da ruwa, mai ɗumi in da hali. Kada ka dirje wurin, kada ka sa sabulu mai ƙamshi ko Dettol. Ka tsane da tsumma mai laushi a hankali, domin mai ba ya zama a jiƙaƙƙiyar fata. Ka wanke hannu, ka matso kaɗan kamar ƙwayar wake a kan yatsa ka shafa. Yawanci safe da dare ne, wasu kuma har da bayan an zaga, amma abin da likitanka ya rubuta shi za ka bi. Na dare ka bari sai bayan isha'i za ka kwanta, ya fi zama a wurin.

Idan basir ɗin na ciki ne, akwai ɗan bakin roba da ke zuwa cikin kwalin. Ka ɗaura shi a bakin bututun, ka shafa masa man kaɗan don ya shiga da sauƙi, ka tura a hankali, kana matsawa kana zarowa. In ka gama ka wanke shi da sabulu da ruwan ɗumi. Wannan bakin naka ne kai kaɗai. Maigida da uwargida ma kowa da nasa, balle a ce maƙwabci ya aiko a sam masa. Ka ajiye man a wuri mai sanyi, ban da aljihun mota ko kan taga, kuma ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa tun a kemis.

Ke mai juna biyu ko mai jego, basir yakan zo a wannan lokaci, ba abin kunya ba ne, amma ki gaya wa likita halin da kike ciki kafin ya rubuta. Yaro kuma kada a shafa masa na babba. Abin da kan fito wa yara a dubura, a ce basir mai tsiro ne, sau da yawa zazzagowar dubura ce, maganinta daban.

Wani abin lura: mu komai basir ne, ciwon baya basir, kasala basir. Alhali tsagewar dubura ma tana zubar da jini, da zafi kamar yankan reza lokacin bayan gida, kuma man da ake ba ta wani ne daban, mai sinadarin GTN. Shi yakan sa ciwon kai, kuma ba a haɗa shi da Viagra da danginsa, jini na iya faɗuwa ƙasa warwas.

Jinin basir ja ne jawur, a ruwan tsarki ko a saman bayan gida. In ka ga baƙi ne, ko ya cakuɗe da bayan gida, ko kana ramewa ba dalili, ko yanayin fitar bayan gidanka ya canza na tsawon makonni, musamman in ka haura shekara 40, ajiye man ka je a duba ka. Kansar hanji takan ɓuya a bayan sunan basir, Allah Ya tsare. Haka nan zazzaɓi, ruwan ƙwai, ko kumburi mai tauri da ya hana ka zama.

A cikin wannan makon da kake shafawa ka gyara abin da ya kawo ciwon, wato taurin bayan gida da yunƙuri. Sha ruwa sosai, ka yawaita zogale, alayyahu, wake, gwanda da miyar kuka. Ka zauna cikin baho na ruwan ɗumi minti 10 zuwa 15, ba mai zafin da zai ƙona ka ba. In zafin ya dame ka sha farasitamol, ka guji taramadol da kodin, su ma busar da ciki suke yi. Wayar nan kuma a bar ta a ɗaki in za a shiga bayi, dogon tsuguno na cikin abin da ke tura jijiyoyin waje.