Me ya sa Bahaushe ke cewa abu ya yi "mugun kyau"?

In ka tsaya ka saurari hirar 'yan tireda a Agege ko masu shayi a Sabon Ibadan, ba za ka daɗe ba sai ka ji wani ya ce shadda ta yi mugun kyau, ko kilishin nan yana da bala'in daɗi. To ina mugunta ina kyau? Ina bala'i ina daɗi?

Wannan salon magana ne da ake gwama kalmomi biyu masu karo da juna, ɗaya tana siffanta ɗaya. Turawa na kiransa oksimoron, daga kalmomin Girkanci biyu, mai kaifi da kuma daƙiƙi. Kun ga ke nan sunan ma kansa karo yake da kansa. Waɗanda suka karanci balaga za su tuna da ɗibaƙi, amma shi ya fi faɗi: ko "dare da rana" ka ce, ka yi ɗibaƙi.

A mugun kyau, masifar kyau, shegen wayo da ɗan banzan daɗi, kalmar farko ta ajiye ma'anarta ta asali, aikinta kawai ta nuna abin ya wuce misali. "Ƙwarai" da "sosai" sun gaji da aiki, sai baki ya nemo mai zafi. Turancin Buroka ma haka yake yi, inda ake haɗa daɗi da mutuwa don yabon abinci.

Waɗanda suka fi burge ni su ne waɗanda kowace kalma ke riƙe da nauyinta. Kukan daɗi, alal misali: mutum ciniki na tafiya, yara na makaranta, amma kullum yana ƙorafin gajiya. Kukan gaske ne, daɗin ma gaske ne. Mutuwar tsaye kuwa ita ce ta wanda labari ya daskarar, da ransa amma ko motsi babu. Babban yaro na iya zama yabo ga matashin da ya yi kuɗi, ko kuma baƙar magana ga magidancin da ya ƙi girma. Murya ce ke raba su.

Mu ma nan kudu muna zaune a cikin guda. An kafa unguwar Sabo ta Ibadan a 1916, ta haura shekara 100, har yau sunanta Sabo. Jikan wanda aka haifa a can kuma ana iya ce masa baƙo.

Sai dai a yi hattara, musamman yaranmu da suka tashi da Yarabanci ko Ibo a baki, Hausarsu ta kasuwa ce. "Shegen kyau" tsakanin abokai ba komai ba ne, amma ka faɗe shi kan jaririn mutane ranar suna, ka ga yadda fuskar kaka za ta canza. Dattawa da yawa ba sa son a raɓa bala'i ko masifa da abin alheri. A gabansu, "tubarkalla, masha Allah" ta wadatar.