Da ƙuri'a mai yawa ya faɗi, da kaɗan ya ci

Akwai wani lissafi a zaɓen gwamnan Kano da ba a cika ambatarsa a majalisun hira ba, ko a Rogo ko a Karaye. A 2019 Abba Kabir Yusuf, ƙarƙashin PDP, ya tashi da ƙuri'a 1,024,713, ya faɗi. A 2023, a NNPP, ya samu 1,019,602, ya ci. Wato ƙuri'unsa sun ragu da 5,111, amma ya shiga gidan gwamnati.

To me ya canza? Abokiyar hamayya ce ta zube. Ganduje ya kawo wa APC 1,033,695 a 2019. Nasiru Yusuf Gawuna ya kawo 890,705 a 2023. Ƙuri'a 142,990 sun salwanta ke nan, kuma alƙaluman sun nuna ba akwatin Abba suka koma ba, tunda nasa bai ƙaru ba. Ni dai a ganina, da yawan masu su gida suka zauna ranar.

Tazarar 2019 ta fi ɗaure kai. A zagayen farko Abba ne a gaba da 26,655, INEC ta ce zaɓe bai kammala ba saboda ƙuri'un da aka soke sun haura tazarar. Bayan zaɓen cike giɓi na 23 ga Maris, wanda aka fi tunawa da mazaɓar Gama, Ganduje ya wuce da 8,982. Raba wannan ga mazaɓu 484 na jihar: kowace mazaɓa, har da Rogo Ruma, ba ta kai ƙuri'a 19 ba. Gida ɗaya mai yawan iyali zai iya cike ta.

Tsarin zaɓen da muka gada daga Ingila bai damu da yawan tazara ba, can ma yana yin abin mamaki: a 1951 jam'iyyar Leba ta fi ƙuri'a, amma ta samu kujeru 295, 'yan Conservative da ƙawayensu suka kwashi 321.

A Kano kuwa, a 2023 tazarar 128,897 ce, sai kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zare wa Abba 165,663 saboda takardun ba hatimi ko sa hannu, Gawuna ya koma gaba da 36,766. Ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta mayar wa Abba da ƙuri'un.